Fatakar da Ba Ta Taɓa Shiga Kasuwa Ba, Maki Nawa Za Ta Ci?

Filin amsa wasiƙun masu karatu kan tsofaffin kuɗi, daga Gombe

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya rasu bara. Da muka buɗe akwatinsa na ƙarfe sai muka tarar da wani gwangwani cike da kuɗin 1959: fataka (wato sule biyu), sule, taro da kwabo mai huji, kowanne a naɗe cikin takarda. Mahaifiyarmu ta ce tun daga teburin biyan kuɗin auduga ya ware su, ba su taɓa shiga kasuwa ba. Na ga a intanet ana rubuta MS-63 da MS-65 a jikin irinsu, an ce ƙarshen makin 70 ne. Tunda namu sababbi ne fil, ai sun kai 70 ko? Yaya zan gane? Daga wani malamin firamare a Kumo.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Kafin mu shiga zancen maki, wannan gwangwani dukiyar magada ce, kada ko kwabo ɗaya ya fita daga ciki sai kowa ya sani.

Maganar 70 kuwa, cire ta daga ranka tun yanzu. Waɗannan kuɗi a Ingila aka buga su don a kashe, na'ura ta riƙa watso su kan juna, aka ɗura a buhu, aka ɗora a jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa da babbar mota suka kawo su Arewa. Ina yaro na sha ganin yadda ake jefo buhunan sulalla daga mota a kasuwar auduga, ƙararsu har bayan layin masu awo. Duk kwandalar da ta yi wannan tafiya ta sha karo da 'yan uwanta tun kafin mahaifinka ya sa mata hannu. Don haka kwandala tana iya zama ba a taɓa sayen komai da ita ba, amma fuskarta duk tabo.

Wannan ma'auni na 1 zuwa 70 wani likita Ba'amurke ne, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, don tsofaffin manyan kwabban Amurka kawai. Lissafinsa a lokacin shi ne kwabon da ya ci 70 zai yi kuɗin wanda ya ci 1 sau saba'in. Kasuwa ta daɗe da rushe wannan lissafi, amma lambobin sun zauna, ƙungiyar masu tara kuɗi ta Amurka ta ɗauke su a shekarun 1970 ta shimfiɗa su kan kowane irin kuɗi. Daga 1 zuwa 58 na kuɗin da suka yi yawo ne a hannun jama'a. Daga 60 zuwa 70 su ne masu haruffan MS, wato kwandalar da babu alamar gogewa a jikinta ko kaɗan. Turawan Ingila sun fi sabawa da kalmomi maimakon lamba, amma a cinikin intanet yanzu lambar ce ke yanke farashi.

Abu na farko da za ka tantance shi ne ko kwandalar ta ma tsallaka 60. A nan shaidar mahaifiyarka, duk da na yarda da ita, ba ta shiga lissafi. Mai duba ba ya tambayar tarihi, abin da ƙarfe ya nuna masa shi yake rubutawa. Fatakar da ta kwana biyu kacal a aljihun riga tare da makulli ta riga ta faɗo 58.

Ga yadda za ka duba. Ka bari sai dare, ka kashe fitilun ɗaki ka bar ƙwai ɗaya tak mai haske daga wuri guda. Doguwar fitila mai farin haske tana ɓoye aibi, hasken rana kuma ya yi yawa. Ka shimfiɗa tawul a kan tebur saboda faɗuwa. Ka wanke hannu ka bushe, ka riƙe kwandalar ta gefe da babban yatsa da manuniya, kada fatar yatsa ta taɓa fuskarta, domin gumin hannu yana barin zanen yatsa da ba ya fita. Kada ka yi magana a kanta, balle kana cin goro. Ɗigon yawu ɗaya a kan jan kwabo, bayan 'yan watanni baƙin ɗigo ne. Sai ka karkata ta a hankali kana juyawa a ƙarƙashin fitilar.

Idan sheƙinta na asali yana nan, za ka ga haske ya yi layi biyu daga tsakiya zuwa baki, suna zagaya fuskar kwandalar yayin da kake juya ta. Dalilinsa shi ne lokacin da hatimin ƙarfe ya danne ta da ƙarfi, naman ƙarfen yana malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar wasu 'yan siraran layuka da ido ba ya gani, su ne suke wasa da haske haka. Sau ɗaya ake samun su, a daidai lokacin bugu. Shadda in ta sha wanki ta dushe, a kai ta wajen mabuga ta dawo da ƙyallinta; kwandala ba ta da mabugi na biyu.

To ka bi wannan haske da ido, ka ga ko yana yankewa. Wuraren da suka fi tudu su ne suke fara gogewa. A fataka da sule da taro, inda hoton Sarauniya Elizabeth yake, ka dubi gashin da ke saman kunne, da kunci, da ƙasan kambi. A baya kuma ka dubi tsiron gyaɗar da ke jikin fataka, da ƙullin audugar da ke jikin taro. A kwabo mai huji, layukan tauraron nan mai tsini shida, musamman inda suka haɗu. Idan haske ya iso waɗannan wurare ya mutu, wurin ya yi toka-toka, launinsa ya saɓa da na kewayensa, to gogewa ce, kwandalar tana tsakanin 50 da 58, masu haruffan AU. Idan haske ya haye su ya wuce ba yankewa, kun shiga gidan 60.

Akwai wani abu da ke rikita sababbin shiga, har da wasu tsofaffin hannu. Wani lokaci za ka ga gashin Sarauniya bai fito sosai ba, ya yi lebur, ka ɗauka gogewa ce, alhali bugun ne bai zauna ba: ko ƙarfin dannawa ya gaza, ko hatimin ya tsufa. Bambancin a launi yake. Wurin da bugu bai cika ba yana da sheƙi iri ɗaya da sauran jiki. Wurin da hannu ya cinye ba shi da shi.

Bayan an tsallaka 60, abubuwa huɗu ake aunawa tare: yawan tabo, ƙarfin sheƙi, cikar bugu, da yadda kwandalar take ɗaukar ido gaba ɗaya. Tabo shi ne babba, kuma ba ƙirga shi kawai ake yi ba, ana duba inda ya sauka. Ƙwarzane ɗaya a kuncin Sarauniya, ko a filin da ke gaban fuskarta inda babu zane, ya fi guda uku da suka ɓuya cikin gashi ko cikin ganyen gyaɗa illa, saboda nan ido yake fara sauka. Mai 60 zuwa 62 ba ta goge ba, amma tabon buhu ya yi mata yawa, ko sheƙin ya yi sanyi. Mai 63 tana da tabo da za ka gani ba tare da gilashi ba, amma ba ta ɓata rai. Mai 65 sheƙinta cikakke ne, tabonta 'yan ƙanana ne kuma ba a fuska ba. Daga 67 zuwa sama, a kuɗin da aka yi don kashewa, sai an tona da yawa kafin a ga ɗaya. Ita 70 sharaɗinta a duba ta da gilashi mai ninka girma sau biyar a rasa aibi ko ɗaya, kuma kusan duk masu cin ta kuɗin zamani ne na zinariya da azurfa da ake bugawa musamman don masu tarawa, a ɗauke su ɗaya-ɗaya da safar hannu a sa a kwanso.

Gilashin da nake nufi irin na masu gyaran agogo ne, mai ninki biyar zuwa goma ya isa. Amma ka fara da ido tsirara, ka yanke hukunci, sannan ka ɗauko gilashi don tabbatarwa. Wanda ya fara da gilashi mai ƙarfi, kowace kwandala sai ya ga ta zama abin tausayi.

Wani abu da ban yarda da masu bin lamba ido rufe ba a kansa: mai 58 sau da yawa ta fi mai 60 ko 61 kyau nesa ba kusa ba. Mai 58 tana iya zama kwandala mai tsabta wadda hannu ya ɗan shafi tudunta, mai 60 kuwa ta sha duka a buhu, sai dai ba ta goge ba. In ni ne zan ajiye don jikoki su gani, mai 58 zan ɗauka.

Kwabban nan masu huji na jan ƙarfe ne, su kuma ana ƙara musu hukuncin launi. Wanda jan asalinsa yake nan kusan duka ana rubuta masa RD, wanda ya rabu tsakanin ja da ruwan ƙasa RB, wanda ya rine gaba ɗaya BN. Maki ɗaya ne, amma farashi ya bambanta sosai. Da damina irin tamu, samun kwabon 1959 da ya riƙe jansa ba ƙaramin abu ba ne, don haka su za ka fara warwarewa. Idan takardar ta bar wa fataka ko sule wani launi mai ruwan zuma ko shuɗi-shuɗi, ba laifi ba ne, wasu masu saye ma so suke. Kore mai gari-gari shi ne cuta, ka ware mai shi daga sauran.

Ban ga kayanka ba, amma irin wannan ajiya da aka ware daga teburin biya, a abin da na saba gani yawancinta tsakanin 58 da 63 take faɗawa, a samu ɗaya ko biyu da suka ɗara. Ka jera fatakun a tawul, ka fitar da wadda ta fi kowacce, ka auna sauran da ita. Duk makin da zuciyarka ta ba ka, ka rage ɗaya, domin laifi tudu ne, mai kaya ba ya ganin na kayansa. Kuma ka sani an buga kuɗin 1959 da yawan gaske, Babban Bankin Najeriya ya fito da su a shekarar da ya fara aiki, aka yi ta kashe su har naira da kwabo suka zo a Janairun 1973. Ba ƙarancinsu ake saye ba, kyan yanayinsu ake saye. Shi ya sa abin da mahaifinka ya yi na naɗe su yake da amfani.

TAMBAYA: Malam, ina da liyari guda biyu da na gada wajen kakata, an rubuta 1780 a jiki. Ɗaya yana da kunne na rataya a wuya, ɗayan babu, kuma kamar sabo yake sai dai ya yi duhu. Jikata ta ce a wanke da toka da lemun tsami ya yi haske kafin a kai wa masu saye. Daga wata Hajiya a Jekadafari.

AMSA: Hajiya, don Allah a ɓoye shi inda jikar nan ba za ta kai ba. Toka, tsamiya, lemun tsami, man goge baki, man goge ƙarfe na Brasso, duk abu ɗaya suke yi: su kankare saman ƙarfen tare da layukan da ke ba shi sheƙin asali. Zai fito fari tas yana ɗaukar ido, amma wanda ya san kaya da ya karkata shi a fitila zai ga siraran zane sun jeru gefe guda, hasken kuma ya tsaya cak ba ya zagayawa. Manyan kamfanonin duba kuɗi ba sa ba wankakkiyar kwandala lamba sam. Sai su rubuta cewa zanenta na sabuwa ne amma an wanke, farashi ya faɗi. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Duhun da kike gani azurfa ce ta haɗu da iska tsawon shekaru, kuma shi ne shaidar ba a taɓa shi ba.

Sai dai in gaya miki gaskiya game da 1780 ɗin. Matar da ke jiki Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a shekarar ta rasu. Saboda 'yan kasuwar Larabawa da Habasha da ƙasashenmu sun amince da wannan kuɗi ba sa son a canza masa komai, sai aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ɗaya. An buga a Viyana, an buga a Landan, Faris, Rum, Bombay da wasu biranen, fiye da miliyan 300, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya yana yin sa da 1780 a jiki. Naki yana iya zama na zamanin kakar kakarki, yana iya zama na shekarun 1930. Na gaske nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ne. Ki sa a ɗora miki a ma'aunin masu sayar da gwal, a gabanki.

Mai kunnen kuwa ya fita daga layin masu maki tun ranar da maƙeri ya like masa kunne ko ya huda shi. Darajarsa nauyin azurfarsa ce, da kuma kasancewarsa na kakarki. Shi in kina so a goge don a sa a biki, ba abin da za a rasa.

TAMBAYA: Baba, ina da kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Wani ya ce mini sarkin bai yi shekara ba, don haka kuɗinsa miliyoyi ne. Daga wani ɗan kasuwa a Azare.

AMSA: Rabin maganarsa gaskiya ce, Alhaji. Edward na Takwas ya hau a Janairun 1936, ya sauka a Disamba, kuma Ingila ba ta fitar da kuɗi mai hotonsa don kashewa ba. Amma mu nan Afirka ta Yamma kwabo da ɗari (rabin kwabo) da anini (kashi ɗaya cikin goma na kwabo) huji ne da su a tsakiya, ba a buƙatar hoto, suna kawai aka rubuta, don haka aka buga miliyoyinsu aka kawo. Ba su da wuyar samu ko kaɗan. Wanda ya goge kuɗinsa kaɗan ne. Wanda bai taɓa yawo ba, mai sheƙi, shi ne ake ɗan nema. Ka duba da gilashi ko za ka ga ƙaramin harafin H ko KN, alamun kamfanoni biyu ne na birnin Birmingham da suka buga wasu daga ciki. Duk wanda ya ce ka ba shi kuɗin mota ko na "gwaji" zai kawo maka Baturen da zai saya da miliyoyi, ka riƙe kwabonka da kuɗinka.

TAMBAYA: Baba, na tara sababbin naira biyu da naira ɗaya na ƙarfe da ba a taɓa kashewa ba. Ina so in tura su waje a sa musu maki a rufe a roba. Ina ake turawa? Daga wani ɗalibi a Bajoga.

AMSA: Ɗana, sha'awarka ta burge ni, amma kada ka tura. Kamfanonin da kasuwa ta fi yarda da su biyu ne, duk na Amurka: PCGS da aka kafa a 1986, da NGC a 1987. Na farkon yana da ofis a Faris, na biyun a Landan da Munich. Masu dubawa fiye da ɗaya ne suke kallon kowace kwandala, a tsayar da maki, a like ta cikin kwanson roba mai lamba da za a iya bincika a shafinsu. Kowace ɗaya da kuɗinta, da dala ko fam ko yuro, ban da kuɗin aikawa da inshora zuwa da dawowa. Ana yin haka ne ga kwandalar da bambancin maki ɗaya zai biya duk wannan ɗawainiya har a samu saura. Naira biyun da aka fitar a Fabrairun 2007, mai ƙarfe kala biyu da hoton ginin Majalisar Tarayya, ba ta kai nan ba, tunda akwai su jibge da ba wanda ya taɓa, don mutane sun ƙi karɓarsu tun farko.

Sannan ka lura, waɗannan har yanzu kuɗin ƙasa ne, kuma sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana cinikin takardun naira da sulallanta. Tarawa don sha'awa daban, kasa su a faifai daban.

Amfanin da za su yi maka ya fi na sayarwa. Da su za ka koyi duba. Ka ɗauki goma ka jera daga mafi tabo zuwa mafi tsabta, ka rubuta makin da ka ba kowacce a takarda, ka ajiye, bayan mako ka cakuɗa su ka sake, ka ga ko hukuncinka zai zo ɗaya. Kamfanin PCGS yana da hotunan misalin maki daban-daban a intanet kyauta, ka riƙa gwadawa da su. Wajen ajiya kuma ka guji leda mai laushi irin ta rufe katin shaida, tana fitar da wani maiƙo kore da ke cin ƙarfe. Ka sami kwanson roba mai tauri, ko ƙaramin ambulan na takarda, kowace kwandala da nata, a sa cikin gwangwani mai murfi tare da 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, a canza su duk farkon damina.